Daga Jidda Zuwa Tokiyo a Ƙaramin Jirgi: Wasan da Ya Cancanci Datar Matashi

Duk matashin da aka gani ya riƙe waya da hannu biyu yana karkata ta dama da hagu, hukuncin da ake yanke masa a gida bai wuce ɗaya ba: ya samu gem, ya zauna yana kashe lokaci. Sau da yawa hukuncin daidai ne. Amma a cikin manhajojin wasa akwai rukunin da bai kamata a yi musu kuɗin goro ba, wato manhajojin kwaikwayon tuƙin jirgin sama, irin su Microsoft Flight Simulator da X-Plane da Infinite Flight da FlightGear. A cikinsu babu abokin gaba da za a harba, babu maki da za a tara a sayi sabuwar bindiga. Jirgi ne kawai da taswirar duniya ta gaskiya, da iska da hadari, sai man da ke raguwa a tanki.

Matsalar ita ce mafi yawan masu sauke waɗannan manhajoji ba sa cin moriyarsu. Mutum zai zaɓi jirgin da ya fi kowanne girma, ya danna wuta har ƙarshe, ya tashi, ya yi shawagi na minti goma, ya kifa shi a ƙasa, ya yi dariya, bayan kwana biyu ya goge manhajar saboda ta cinye masa wuri a waya. Wannan asarar data ce, babu musu. Amfanin abin yana fitowa ne a doguwar tafiya, wadda ake yi zango bayan zango a ƙaramin jirgi, ana lissafin mai, ana duba yanayin sama kafin a tashi. Kuma idan doguwar tafiya ake nema, babu nahiyar da ta kai Asiya koyar da darasi.

Me ya sa Asiya?

Asiya nahiya ce da Bahaushe yake hulɗa da ita kullum ba tare da ya san shimfiɗarta ba. Alhazai a Jidda da Madina suke sauka. 'Yan kasuwa suna sintiri tsakanin Dubai da Guangzhou. Wayoyin Tecno da Infinix da itel duk na kamfanin Transsion ne, wanda hedikwatarsa ke Shenzhen a kudancin Sin. Fina-finan Indiya kuwa sun yi shekaru gommai a gidaje, ga ɗalibai da masu neman magani da ke zuwa can. Duk da haka, a tambayi matashi wane teku ne tsakanin Oman da Pakistan, ko wace ƙasa ce ke tsakanin Bangaladash da Tailan, sai ya yi shiru. Sunaye ne a kunne, ba su da mazauni a ƙwaƙwalwa.

Bayan wannan, nahiyar ta haɗa duk abin da ke ba matuƙi wahala. Akwai sahara mai zafin da ke rage wa inji ƙarfi, akwai teku mai faɗi da babu wurin saukar gaggawa, akwai tsaunukan Himalaya da dutsen Everest mai tsayin mita 8,849, akwai ruwan damina na Indiya daga Yuni zuwa Satumba, akwai hazon Delhi a Disamba da Janairu, akwai guguwar teku a gabar Sin da Japan. Wanda ya ratsa waɗannan duka, ko da a fuskar waya ne, ya yi karatun labarin ƙasa irin wanda allon aji ba ya iya bayarwa.

Hanyar da lissafinta

Daga Jidda zuwa Tokiyo kai tsaye kusan kilomita 9,500 ne. Amma ƙaramin jirgi ba ya bin miƙaƙƙen layi, domin layin yana ratsa tsaunukan da suka fi ƙarfinsa. Hanyar da ta dace da shi ta kudu ce: Jidda, Riyad, Dubai, Maskat, Karachi, Jodhpur, Delhi, Katmandu, Daka, Yangon, Bankok, Da Nang, Hong Kong, Taipei, Okinawa, Kagoshima, Osaka, sai Tokiyo. Idan aka tara, abin ya kai wajen kilomita 12,000.

A ɗauki Cessna 172, ƙaramin jirgi mai kujera huɗu da inji ɗaya, wanda yake cikin kusan kowace manhaja, kuma da shi makarantun tuƙin jirgi da yawa ke koyar da ɗalibai. Gudunsa wajen kilomita 220 ne a awa. Tankinsa yana ɗaukar kusan lita 200, yana shan kimanin lita 35 a awa. Wato tafiyar za ta ci fiye da awa 50 a sama. Wanda yake yin zango ɗaya a kowane ƙarshen mako zai kai wata huɗu kafin ya ga fitilun Tokiyo.

A nan ne mai karatu zai ce: wata huɗu a kan gem? Amsar tana cikin zangon Maskat zuwa Karachi, mai tsawon kusan kilomita 870, mafi yawansa a kan ruwa. Idan babu iska, jirgin zai isa cikin ƙasa da awa huɗu kaɗan. Idan kuwa iska mai gudun kilomita 40 a awa tana bugun hancinsa, ainihin gudunsa a kan ƙasa ya koma 180, tafiyar ta zama awa huɗu da minti 50. Man tankin gaba ɗaya bai kai na awa shida ba, kuma matuƙi mai hankali yana ware na minti 45 a matsayin ajiya da ba a taɓawa. Lissafin ya matse ke nan. Ko dai a bi gabar Makran a sauka a Gwadar a ƙara mai, ko a jira ranar da iska ta juya, ko a yi ganganci a ga injin ya mutu ana hango Karachi daga nesa. Yaron da ya tsani darasin gudu da nisa da lokaci a sakandare zai sami kansa da biro da takarda yana rabawa da ninkawa, ba don jarrabawa ba, don kada awa huɗunsa su tafi a banza.

Babban jirgi yana ɓoye darasin

Masu son manyan jirage za su ce Boeing 777 zai yi wannan tafiya a zama ɗaya, cikin abin da bai wuce rabin yini ba. Gaskiya ne, kuma mutane da yawa haka suke yi a Infinite Flight: su tashi da dare, su kunna na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, su jona waya a caji su kwanta, da safe su farka su sauke jirgin. Wannan yana da nasa daɗin, kuma koyon shirya kwamfutar babban jirgi ilimi ne mai zaman kansa. Sai dai wanda ya yi haka bai ga Asiya ba. Daga ƙafa 37,000 Indiya da Myanmar duk launi ɗaya ne, kuma mai jirgin ma barci yake yi. Wayar ce ta yi tafiyar, ita ce kuma ta kwana da zafi, abin da ke rage wa batiri kwana.

Ƙaramin jirgi ba ya barin mutum ya yi barci. Da an tashi daga Jidda an fuskanci gabas, tsaunukan Ɗa'if ne a gaba, dole a fara hawa tun da wuri. Bayan Riyad sai jan rairayin Dahna ya bayyana kamar an shimfiɗa tabarma. A Pakistan kogin Indus yana nuna kansa, kore a gefensa, fari fat a nesa da shi, sai mutum ya gane da idonsa dalilin da ya sa garuruwa suka jeru a bakin kogi. Daga Delhi zuwa gabas filin Ganges ne, gonaki da ƙauyuka babu yankewa, a hagu kuma wani farin bango yana tasowa a hankali. Wannan bangon shi ne Himalaya.

Abin da Nepal ke koyarwa

Filin jirgin Katmandu yana cikin kwari ne, a tsayin kusan mita 1,340, tsaunuka sun kewaye shi, kuma titin jirgi ɗaya ne da shi, mai lamba 02 ta wannan ɓangare, 20 ta wancan. Ko waɗannan lambobi darasi ne: lambar titi ita ce alkiblarsa a kamfas idan aka cire sifilin ƙarshe, wato 02 yana kallon digiri 20, 20 kuma yana kallon digiri 200. Wanda ya gane wannan sau ɗaya zai iya karanta kowane filin jirgi a duniya.

Daga Katmandu, tafiyar kusan rabin awa ce zuwa Lukla, ƙofar masu hawan Everest. Titin Lukla mita 527 ne kacal, a tsayin kusan mita 2,845, kuma a karkace yake, yana hawa da kusan kashi 12 cikin ɗari. A ƙarshensa na sama dutse ne, a na ƙasa kuma rami mai zurfi. Ta ɓangare ɗaya ake sauka, ta inda aka shigo kuma ake fita. Da zarar jirgi ya kusanto, babu damar fasa sauka a sake zagayowa. A wannan tsayi iska ta yi sirara da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, don haka inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, fukafukai ma sai jirgin ya ƙara gudu a kan ƙasa kafin su ɗaga shi. Jiragen gaskiya irin su Twin Otter da sassafe suke zuwa, kafin gajimare da iska su rufe kwarin. Duk wanda ya gwada sauka a Lukla a manhaja zai faɗi sau biyar ko goma, kuma kowace faɗuwa tana da dalilin da za a iya ganowa: ko gudu ya yi yawa, ko an sauko a makare, ko kaya sun yi nauyi.

A ƙasar Butan akwai filin Paro, inda jirgi ke bin lanƙwasar kwari tsakanin duwatsu, titin ba ya bayyana sai an kusa taɓa shi. Da rana kawai ake sauka, kuma matuƙa ƙalilan ne ke da izinin yin hakan.

A Nepal ne kuma ake gane dalilin bin hanyar kudu. Cessna 172 ba ya wuce ƙafa 14,000, wato kusan mita 4,270. Tudun Tibet da ke bayan Himalaya kuwa matsakaicin tsayinsa ya haura mita 4,500. Ƙasar kanta ta fi inda jirgin ke iya kaiwa tsayi. Manyan jirage ma galibi suna kauce wa yankin, domin idan iskar cikin jirgi ta zube, ƙa'ida ita ce a sauko da sauri zuwa ƙafa 10,000 inda mutum ke iya numfashi, iskar gaggawa ta fasinjoji kuma ta ɗan lokaci ce, galibi ba ta kai rabin awa ba. A saman Tibet babu inda za a sauko. Duk mai Flightradar24 a wayarsa yana iya buɗewa yanzu ya ga wagegen fili kusan babu jirgi a arewacin Nepal, alhali Indiya da gabashin Sin sun cika maƙil.

Agogo, yanayi da ma'auni

Harkar jiragen sama da agogon UTC take aiki. Najeriya da Nijar suna gaba da shi da awa ɗaya, Indiya da awa biyar da rabi, Nepal da awa biyar da minti 45, Sin gaba ɗayanta da awa takwas duk da faɗinta, Japan da awa tara. Wanda ya zauna da wayarsa ƙarfe 8 na dare a Kano bayan sallar isha'i, a Katmandu ƙarfe 12:45 ne na tsakar dare. Idan manhajar tana bin agogon gaskiya, duhu zai tarar. Don haka ake gyara agogon manhajar zuwa safiya, a bar yanayin sama yadda yake a zahiri.

Shi yanayin, filayen jirgi suna fitar da rahotonsa kowace awa ko rabin awa a wani gajeren rubutu da ake kira METAR. A ido kamar shirme ne, amma cikin yini ɗaya ake koyonsa. Idan aka ga 27015KT, iska ce daga digiri 270, wato daga yamma, da gudu 15 a ma'aunin matuƙa, wanda kowane ɗaya nasa kusan kilomita 1.85 ne a awa. Idan aka ga 0400 FG, hazo ne, ba a ganin abin da ya wuce mita 400. Wanda ya ga wannan a rahoton Delhi a watan Janairu, ya san Cessna ba ta da abin yi a can yau. Jinkirta tafiya saboda yanayi yana cikin wasan, kuma shi ne darasin da ya fi wuyar shiga kan matashi.

A sararin samaniyar Sin kuma akwai wani abin mamaki: yayin da mafi yawan duniya ke auna tsayin jirgi da ƙafa, su da mita suke bayar da umarni. Matuƙa na gaskiya suna ɗauke da jadawalin juya wannan zuwa wancan. A Hong Kong kuwa, masu Microsoft Flight Simulator suna iya gwada tsohon filin Kai Tak da aka rufe a 1998, inda jirage ke nufar wani tudu mai zanen ja da fari, sannan su yi kwanar digiri 47 zuwa dama a saman rufin gidaje kafin su taɓa titi mai lamba 13.

Wannan hanya ta kudu ba sabuwa ba ce. A 1919 'yan'uwa biyu 'yan Ostireliya, Ross Smith da Keith Smith, tare da makanikai biyu, sun tashi daga Ingila ranar 12 ga Nuwamba a jirgin Vickers Vimy mai buɗaɗɗen wurin zama, suka bi ta Basra da Karachi da Delhi da Kalkata da Yangon da Bankok da Singafo, suka sauka a Darwin ranar 10 ga Disamba, suka ci kyautar fam 10,000. A Surabaya jirginsu ya kafe a taɓo, sai da mutanen gari suka shimfiɗa tabarmin gora kafin ya tashi. Babu GPS a lokacin, kamfas ne da agogo da taswirar takarda. Duk mai son ya ɗanɗana abin da suka sha, ya kashe GPS ɗin manhajarsa na zango ɗaya kawai.

Inda masu suka suke da gaskiya

Ba a ɓoye cewa abin yana da tsada. Microsoft Flight Simulator na 2020, wanda kamfanin Asobo na Faransa ya gina, yana jawo hotunan ƙasa ne daga bayanan Bing Maps da suka haura petabayit biyu, yana ɗauke da filayen jirgi kusan 37,000. Yana buƙatar wuri har gigabayit 150 a kwamfuta, da intanet mai ƙarfi idan ana son ganin duniya da kyau. Wanda ya fito a Nuwamban 2024 ya ma fi dogara da intanet, har a ranar fitowarsa uwar garken kamfanin ta kasa ɗaukar jama'a, mutane suka yi awanni suna kallon allon jira. Ga mai sayen data ta mako-mako, ga wutar da ba ta da tabbas, wannan ba nasa ba ne, kuma babu amfanin a yi masa ƙarya.

Sai dai ba shi kaɗai ne a kasuwa ba. FlightGear kyauta ne gaba ɗaya, yana tafiya a kwamfutar da ba ta da ƙarfi sosai, kuma ana iya sauke taswirar yankin da za a bi tun da wuri a wurin da ake da intanet mai araha, a yi tafiyar ba tare da data ba. GeoFS a cikin burauza yake aiki, ba a sauke komai, kuma yana da sigar kyauta. Google Earth Pro na kwamfuta yana da ɓoyayyen jirgi da ke fitowa idan aka danna Ctrl da Alt da A tare. A waya akwai X-Plane da Infinite Flight da RFS, sai dai duniya gaba ɗaya ba ta buɗewa a cikinsu sai an biya kuɗin wata-wata, kuma da kuɗin waje ake lissafinsa. Wanda zai biya, ya fara tsara hanyarsa a takarda kafin ya biya, don kada watan ya ƙare yana neman inda zai dosa.

Suka ta biyu ita ce ta lokaci, kuma ita ma tana da tushe. Awa huɗu a zaune ba wasa ba ne ga ɗalibi ko mai sana'a. Wanda ya bar sallah ta wuce shi, ko ya bar karatun jarrabawa saboda jirginsa yana saman tekun Bengal, ya mayar da abin amfani abin cutarwa. Maganin yana cikin tsarin tafiyar kanta: zango yana da farko yana da ƙarshe. An sauka, an kashe inji, an rubuta a littafi, sai mako mai zuwa. Bidiyoyin TikTok ba su da wannan iyaka, shi ya sa awa huɗu ke tafiya a cikinsu mutum bai san sun tafi ba, kuma ba ya iya faɗin abin da ya samu.

Suka ta uku ta fi muhimmanci: manhaja ba ta mayar da kowa matuƙi. Jiki ba ya jin nauyin kwana, kunne ba ya ruɗuwa a cikin gajimare kamar yadda yake yi a jirgin gaskiya, kuma wanda ya san zai iya danna maɓalli ya sake farawa bai san tsoro ba. Awannin da aka yi a waya ba sa shiga lissafin lasisi. Mai son aikin da gaske makaranta zai je, irin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya da aka kafa a 1964. Abin da manhajar ke bayarwa shi ne ya isa can ya riga ya san kamfas da METAR da sunayen agogunan gaban matuƙi, ya kuma san ko sha'awar tasa za ta jure wa gajiya.

Akwai kuma abin da taswirar ke ɓoyewa. A manhaja mutum yana tsallaka iyaka babu biza, babu izini. A zahiri Pakistan ta rufe sararin samaniyarta daga Fabrairu zuwa Yulin 2019 bayan rikici da Indiya, jirage suka riƙa dogon zagaye. Tun Fabrairun 2022 da aka hana jiragen Turai ratsa Rasha, tafiyar Helsinki zuwa Tokiyo ta tashi daga wajen awa tara zuwa kusan 13. Kyan hotunan ma ba daidai aka raba shi ba. Japan ce ƙasa ta farko da Microsoft ya yi wa gyara na musamman a Satumban 2020, Tokiyo ta fito gini-gini kamar a hoto, alhali garuruwa da yawa a Myanmar ko Bangaladash kwamfuta ce ta ƙirƙiro gidajensu bisa hasashe. Wanda ya lura da wannan bambanci ya koyi wani abu game da waɗanda kamfanonin fasaha ke ɗauka a matsayin kasuwa.

Ƙofa ga mai son gina manhaja

Ga matashin da ke koyon rubuta manhaja da kansa, wannan tafiya tarin ayyukan gwaji ce. Shafin OurAirports yana ba da jerin filayen jirgin duniya da wurarensu kyauta. Da shi da ƙa'idar lissafi ta haversine, ana iya rubuta 'yar manhaja a Python da za ta faɗi nisan Daka da Yangon, ta kuma yi gargaɗi idan zangon ya fi ƙarfin tanki. Hukumar yanayi ta Amurka tana ba da rahotannin METAR kyauta ta intanet, kuma manhajar da za ta karɓo su ta fassara su zuwa Hausa aiki ne da mai koyo zai iya gamawa cikin mako ɗaya ko biyu, ya sa a jerin ayyukan da zai nuna wa mai ɗaukar aiki. FlightGear kuwa tushensa a buɗe yake, kowa na iya duba fayilolin da ke bayyana nauyin jirgi da ƙarfin injinsa, ya sauya lamba ɗaya ya ga abin da zai faru.

Akwai labarin da ya kamata duk mai gina manhaja ya sani. Da Microsoft Flight Simulator ya fito a Agustan 2020, masu wasa suka tarar da wani siririn gini mai hawa 212 a wata unguwa ta ƙananan gidaje a Melbourne. Da aka bincika, wani ɗalibi ne ya yi kuskuren rubutu a taswirar OpenStreetMap, ya sa 212 a maimakon 2, kuskuren ya bi bayanai har cikin wasan. Darasin biyu ne: duk kyan manhaja, ba ta wuce ingancin bayanan da aka zuba mata ba, kuma taswirar da manyan kamfanoni ke amfani da ita mutane ne irin mai karatu suke zana ta. Wanda ya ga garinsu babu tituna a taswira yana da damar ya shiga ya zana su.

Yadda za a fara

Ba a fara da Lukla. A fara da tashi da sauka a fili ɗaya har sai an yi goma a jere ba a fasa jirgi ba. Sannan a yi gajeren zango kamar Dubai zuwa Maskat, kusan kilomita 350, wanda bai kai awa biyu ba. A tsara hanya da SkyVector ko Little Navmap, duka kyauta ne. A koyi ƙa'idar saukowa: a kowace ƙafa 1,000 da za a sauko, a ware kusan kilomita biyar da rabi na tafiya. A rage hasken fuskar waya da ingancin hoto don batiri ya jure, a cire mata riga idan ta ɗauki zafi. A samu littafi na takarda a riƙa rubuta ranar tafiya, da filin tashi da na sauka, da man da ya rage, da kuskuren da aka yi. Bayan an ƙware, mai kwamfuta yana iya shiga VATSIM, inda 'yan sa-kai ke zama jami'an hasumiya suna ba da umarni da murya cikin Turancin jiragen sama, kyauta.

Sharaɗi ɗaya ne ke riƙe da tafiyar duka: inda aka sauka, daga nan ake tashi. Idan jirgi ya faɗi a hanyar Yangon, Daka ake komawa a sake, ba a tsallakawa zuwa Bankok don an gaji. Iyaye da yayye da ke ganin ɗansu ko ƙaninsu da wannan manhaja, maimakon su ƙwace wayar, su tambaye shi inda ya sauka jiya da yawan man da ya rage masa. Idan ya buɗe littafi ya nuna, karatu yake yi. Idan ba shi da amsa, a nuna masa Jidda a taswira, a ce ya fara daga nan.